Daga Tashar Jirgin Ruwa Zuwa Masana'anta: Yadda Sauyin Hanyoyin Sufuri Yake Taɓa Farashin Kayan Da Muke Saye

 

'Yan uwa masu karatu, duk lokacin da buhun siminti ya tashi, ko katifa ta yi tsada, ko burodi ya ƙanƙance, maganar da aka fi ji ita ce masu kamfanoni da 'yan kasuwa sun daina jin tsoron Allah. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma bai kamata Musulmi ya yanke hukunci a kan abin da bai san yadda yake gudana ba. Saboda haka wannan bayani zai duba wani sashe na farashi wanda mai saye ba ya ganinsa, wato hanyar da kaya suke bi kafin su shiga masana'anta, da wadda suke bi bayan sun fito. Za mu ɗauki Jamhuriyar Nijar a matsayin misali, domin ƙasa ce da ba ta da gaɓar teku, kuma daga shekarar 2023 zuwa yau hanyoyin shigo da kayanta sun sauya ƙwarai.

Abin da masana'anta take jira daga hanya

Duk abin da aka rubuta masa "an yi a Nijar" yana ɗauke da wani abu da ya ƙetaro teku. Kamfanonin nono na Yamai, irin su Niger-Lait da Solani, suna karɓar madarar makiyaya, amma suna haɗawa da garin madara da ake shigowa da shi daga waje, kuma ledar da suke zuba nonon a ciki tushenta daga waje ne. Mai gidan burodi yana jiran fulawa ko alkama da yis. Mai yin katifa yana jiran gangunan sinadari. Mai ɗura ruwan leda yana jiran naɗin leda da matatan injinsa. Kamfanin siminti na Malbaza yana da dutsen farar ƙasa a kusa da shi, amma kayan gyaran injuna da tubalin da ake shimfiɗawa a cikin tanderu sai an kawo su daga nesa.

Abin lura a nan shi ne, inji ba ya aiki da rabin kayan haɗi. Idan abubuwa goma ake bukata, tara suna sito, ɗaya yana cikin mota a kan iyaka, to kamfani a tsaye yake. Albashin ma'aikata yana tafiya, kuɗin haya da na wuta suna tafiya, babu abin sayarwa. An ga haka a kamfanin Somaïr na Arlit mai sarrafa ƙarfen yuraniyom. A watan Satumban 2023 aikin sarrafawa ya tsaya saboda sinadaran da ake amfani da su sun kasa isowa, alhali ma'adinin yana nan a ƙarƙashin ƙasa. Idan haka ta sami babban kamfani, yaya ƙaramin mai masana'anta a Maraɗi ko Damagaram?

Daga Kwatano zuwa Lome

Shekara da shekaru, mafi yawan kayan da Nijar take shigowa da su ta teku a tashar Kwatano suke sauka. Daga nan motoci su haura ta Paraku zuwa Malanbil, su ƙetare gadar kogin Kwara su shiga Gaya, sai Doso. A Doso hanya ta rabu: masu zuwa Yamai su yi yamma, masu zuwa Ƙwanni da Maraɗi da Damagaram su yi gabas. Tsakanin Kwatano da Yamai ya ɗara kilomita 1,000 da kaɗan, kuma direba yakan yi tafiyar cikin 'yan kwanaki idan takardunsa sun cika.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi a ranar 30 ga watan, aka rufe iyakokin Benin da Najeriya. An ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024, kuma iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris na wannan shekara. Ita kuwa gadar Gaya, hukumomin Nijar sun bar ɓangarensu a rufe bisa dalilan tsaro, aka shiga shekarar 2025 a haka. Mutane da ƙananan kaya sun koma ƙetarawa a kwalekwale, amma kwalekwale ba ya ɗaukar kwantena.

Sai aka koma tashar Lome ta ƙasar Togo. Mota takan taso daga Lome ta bi ta Sinkase ta shiga Burkina Faso. Tsohuwar gajeriyar hanya ta Fada Ngurma da Kancari zuwa Torodi ta yi haɗari saboda 'yan bindiga, don haka ake zagayawa ta Kaya da Dori a shigo ta Tera. Hanyar ta fi ta Kwatano tsawo da ɗaruruwan kilomita, kuma ba a bin ta kai kaɗai. Sai motoci sun taru da yawa, wani lokaci ɗaruruwa, sannan sojoji su yi musu rakiya. Direbobi da yaran mota da sojoji sun rasa rayukansu a wannan hanya, Allah Ya jiƙan Musulmin cikinsu. Kayan da za su Maraɗi kuma, bayan sun iso Yamai akwai sauran tafiyar sama da kilomita 600 a gabansu, na Damagaram kusan 900.

Wanda ya san tarihin fatauci zai ga cewa ayari ne ya dawo. Kakanninmu da suke zuwa Gwanja sayen goro, da masu zuwa Bilma ɗauko gishiri, ba sa tashi sai an taru, an sami madugu, an san zangon da za a kwana. Bambancin kawai shi ne, su sun gina kasuwancinsu a kan tafiyar watanni, masana'antar zamani kuwa an gina ta a kan tafiyar kwanaki.

Yadda kwanakin hanya suke komawa kuɗi

Mutane da yawa suna ɗauka tsadar sufuri ita ce kuɗin mai. Mai yana ciki, amma abin da ya fi cin kuɗi shi ne jira. Ga yadda abin yake.

Na farko, mai mota yana lissafi ne da yawan sawun da motarsa take yi a shekara. Motar da a da take yin sawu biyu ko uku a wata, idan ta koma sawu ɗaya a wata biyu, dole kuɗin kowane sawu ya tashi, domin bashin motar da abincin iyalin direba ba su ragu ba.

Na biyu, kwantena ba ta mai kaya ba ce, ta kamfanin jirgin ruwa ce. Ana ba da wasu kwanaki kyauta, idan suka wuce ba a mayar da ita ba sai a fara biyan tarar jinkiri kullum. Ita ma tashar tana karɓar kuɗin ajiya. Shi ya sa wasu suke fasa kwantena a tasha su juye kayan a buɗaɗɗiyar mota, su kuma ɗauki kasadar ruwan sama da sata da fashewa.

Na uku, jari yana kwanciya. A ɗauka wata masana'anta tana cinye kwantena ɗaya ta kayan haɗi duk wata. Idan hanya kwana 10 ce, kwantena ɗaya a sito, ɗaya a tafe, ta wadatar. Idan hanya ta koma kwana 60, kuma ba a san ranar tashin ayari ba, sai ta sayi uku ko huɗu a lokaci guda kafin ta sayar da komai. Wanda ba shi da wannan ƙarfin sai ya rage aiki, ya sallami ma'aikata, ko ya rufe.

Na huɗu, motoci da yawa suna haurowa cike su koma babu kaya, domin abin da muke fitarwa, kamar albasar Galmi da wake da dabbobi, bai kai abin da muke shigowa da shi ba, kuma yana da lokacinsa. Don haka mai shigo da kaya shi yake biyan zuwa da dawowa.

Duk waɗannan a ƙarshe a kan mai saye suke sauka, ko da bai taɓa ganin tashar jirgin ruwa ba.

Abin da ya faru a teku

Matsalar ba ta tsaya a yankinmu ba. A lokacin annobar korona tashoshin duniya sun cushe, har kuɗin dakon babbar kwantena a manyan hanyoyin teku ya haura dala 10,000 a watan Satumban 2021, bayan kafin annobar bai kai dala 2,000 ba. A watan Maris na wannan shekara kuma jirgi ɗaya mai suna Ever Given ya gitta a mashigin Suwez na Masar, ya tare hanya kwana 6, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko.

Daga watan Nuwamban 2023, mayaƙan Huti na Yaman suka fara kai hari kan jirage a Bahar Maliya, suna danganta hakan da yaƙin Gaza. Manyan kamfanonin jirage irin su Maersk da MSC da CMA CGM suka koma zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu, abin da ya ƙara kwana 10 ko fiye a tafiya tsakanin Asiya da Turai. A farkon 2024 kamfanin motoci na Tesla ya dakatar da mafi yawan aikinsa a masana'antarsa ta kusa da Balin na mako biyu saboda kayan haɗi sun makara, kamfanin Volvo ma ya tsaya na kwana 3 a Beljiyam.

Wani zai ce, ai jirgin da ya taso daga Sin zuwa Lome ba lalle ne ya bi ta Suwez ba, me ya shafe mu? Amsa ita ce jiragen duniya da kwantenoninta ƙidayayyu ne. Idan tafiyar Turai ta ƙara tsawo, tana riƙe jirage da kwantenoni fiye da da, sai su yi ƙaranci a sauran hanyoyi, kuɗin dako ya tashi har a tashoshin Afirka ta Yamma.

Dabarun da kamfanoni suka koma kai

Shekaru da dama manyan masana'antun duniya suna bin tsarin da kamfanin Toyota na Japan ya yi fice da shi, wato kada a tara kaya a sito, a kawo su daidai lokacin da za a yi amfani da su. Tsarin yana rage kashe kuɗi matuƙar hanya lafiya take. Bayan abubuwan da muka ambata, kamfanoni da yawa sun koma ajiye kayan haɗi na watanni, suna ganin gara jari ya kwanta da inji ya tsaya.

Dabara ta biyu ita ce kada a dogara da ƙofa ɗaya. Mai shigo da kaya a yau yana auna Lome da Tema ta Gana da Abijan, wasu kuma suna duban tashoshin Legas, ciki har da sabuwar tashar Lekki da aka buɗe a 2023. Ta arewa akwai kayan Aljeriya da suke shigowa ta Asamaka zuwa Agadas. 'Yan uwanmu na Cadi su ma halin da suke ciki ke nan: kayansu suna sauka a Duwala, jirgin ƙasa ya kai su Ngaundere, mota ta ƙarasa da su Injamena ta Kuseri, kuma tun 2018 tashar Kribi ta zama ƙofa ta biyu. Abin da ya faru a Mali daga watan Satumban 2025, inda 'yan bindiga suka riƙa ƙona tankokin mai a hanyoyin Senegal da Kodebuwa har aka rufe makarantu na mako biyu, ya isa darasi a kan haɗarin rataya rayuwar ƙasa a kan hanya ɗaya ko biyu.

Ta uku ita ce neman kayan haɗi a kusa. Duk litar madarar da kamfanin nono ya saya a hannun makiyayan Kollo ko Hamdallaye, lita ce da ba ta jiran ayari. Haka simintin gida: siminti kaya ne mai nauyi mai arha, dakonsa daga bakin teku yakan ci babban kaso na kuɗinsa, shi ya sa yin sa a Malbaza yake da amfani.

Ta huɗu ita ce batun mai. Nijar tana da matatar SORAZ a jihar Damagaram tun 2011, mai tace ganga 20,000 a rana. Da Najeriya ta cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, man ruwa-ruwa da ake sayarwa a bakin titi ya daina araha, kowa ya koma gidan mai, nauyin ya yi wa matatar yawa. A watan Maris na 2025 an ga dogayen layukan fetur a Yamai da sauran garuruwa. A Najeriya kuwa manyan kamfanoni sun fara mayar da motocinsu masu aiki da iskar gas, inda matatar Dangote ta sanar a 2025 cewa za ta yi rabon mai da irin waɗannan tankoki 4,000.

Ta biyar ita ce na'ura. Yanzu ana liƙa wa mota na'urar da take nuna inda take ta tauraron ɗan adam, takardun duwan da yawa a kwamfuta ake cika su, ana tura wa direba kuɗin hanya ta waya. Wannan bai gajarta hanya ba, amma ya sa mai masana'anta ya san inda kayansa suke, ya tsara aikinsa.

Dogo da bututu da yarjejeniyoyi

Abu mafi arha wajen ɗaukar kaya masu nauyi a tudu shi ne jirgin ƙasa, kuma shi ne Nijar ta rasa. Dogon Kwatano a Paraku ya tsaya. Wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 bai yi aikin dako ba. Abin da ake sa wa ido yanzu shi ne layin Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Cikakken amfaninsa ga masana'antu sai ranar da aka haɗa shi da sabon layin da ya taso daga Legas, ta yadda kwantena za ta hau a bakin teku ta sauka a Maraɗi.

Ɗanyen mai shi ya sami tasa hanyar: bututu mai kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme a gaɓar Benin, wanda aka fara loda jirgi daga gare shi a Mayun 2024. Ko shi ɗin ma ya sha tsayawa saboda saɓanin ƙasashen biyu da kuma fasa shi da aka yi.

Ta fuskar doka, a Yamai aka ƙaddamar da kasuwar bai ɗaya ta Afirka a Yulin 2019, aka ce ciniki a ƙarƙashinta ya fara a 1 ga Janairun 2021. Nijar da Mali da Burkina Faso kuma sun fita daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025, suka sa harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da suke shigowa ƙawancensu na AES daga waje. Mai masana'anta dole ya riƙa bin waɗannan sauye-sauye, domin takarda ɗaya da ta canza tana iya tsayar da mota mako guda.

Rabonmu a cikin lamarin

Rufe iyaka da yaƙin teku ba a hannunmu suke ba. Amma akwai wani sashe na tsadar hanya da mu muke ƙara wa kanmu, kuma addini ya yi magana a kansa. Suratu Ƙuraish ta lissafa fataucin hunturu da na bazara a cikin ni'imomin Allah, ta haɗa shi da ƙoshi da zaman lafiya. Hanya mai aminci ni'ima ce da ake gode wa, kuma ɓata ta laifi ne a kan jama'a duka.

Ma'aikacin da ya tare mota a shinge, takardunta cikakku, ya ƙi sakinta sai an ba shi na goro, ya sani kuɗin nan daga bakin marayu da talakawa za a cire shi. Hadisi ya tabbata a Abu Dawuda da Tirmizi a kan tsinuwa ga mai ba da rashawa da mai karɓa. Mai motar da yake lafta mata kaya fiye da ƙima, alhali dokar ƙasashen UEMOA ta 2005 ta ƙayyade nauyin da kowace gatarin mota za ta ɗauka, yana fasa kwaltar da aka yi da dukiyar al'umma, yana kuma jefa rayuka cikin haɗari. Direban da yake zuƙe man mota ya sayar, ko ya farke buhu a hanya, ya ci amana. Ɗaliban Risala sun san cewa Ibnu Abi Zaidin ya kawo hukuncin mai jirgin ruwa, cewa ladan dakonsa yana tabbata ne idan ya isar da kaya. Malaman Malikiyya kuma sun ɗauki ɗan dako a matsayin amintacce, amma suka ɗora wa mai dakon abinci lamuni idan ya ce ya ɓata ba tare da shaida ba, saboda hannu yana saurin kaiwa ga abinci. Shi ma mai motar da direbansa ya yi wata biyu yana jiran ayari a Kaya ko Dori, kada ya bar iyalinsa da yunwa, kada ya jinkirta masa haƙƙinsa.

Akwai kuma bambancin da ya kamata a gane tsakanin ajiya da ɓoye kaya. Masana'antar da ta tara kayan haɗi na wata uku don kada aiki ya tsaya, tanadi ta yi. Ɗan kasuwar da ya ji ayari ya makara, ya bi kasuwa ya kwashe shinkafa ko siminti ya kulle sito har sai mutane sun galabaita, shi ne ya faɗa cikin abin da hadisin Sahihu Muslim ya kira mai yinsa mai laifi. Haka wanda ya ƙara kuɗi ranar da hanya ta toshe, ya ƙi ragewa ranar da ta buɗe, yana ta fakewa da tsadar mota. Ma'auni mai sauƙi shi ne: wanda ya ƙara gwargwadon abin da hanya ta ci masa, uzurinsa karɓaɓɓe ne, wanda ya mayar da wahalar jama'a riba, Allah Yana ganinsa.

Ga ɗalibai

Wannan fanni yana bukatar matasa masu ilimi da amana: masu fitar da kaya a duwan, masu kula da sito, masu tsara tafiyar motoci, makanikan manyan injuna, masu lissafin kuɗin dako, masu jin Faransanci da Ingilishi da za su iya aiki a Lome da Tema da Legas. Ɗalibin da ya haɗa wannan da sanin babin ciniki da ijara da lamuni a fiƙihu, zai amfani kansa, ya amfani al'umma. Malamai ma yana da kyau su riƙa kawo waɗannan mas'aloli a karatun tasha da na kasuwa, domin direbobi da 'yan kamasho suna da tambayoyi da yawa a kan sallar matafiyi da lamunin kaya da kuɗin shinge.

Muna roƙon Allah Ya amintar da hanyoyinmu, Ya tsare direbobi da masu yi musu rakiya, Ya daidaita tsakanin shugabannin ƙasashenmu a kan abin da zai sauƙaƙa wa talakawa, Ya sa albarka a cikin nemanmu.